Ayoyo ko lalo: wane suna za a rubuta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Mu matasa ne a Aboabo, Kumasi, muna shigar da sunayen tsirrai na Hausa a Wikipedia da Wikidata, rumbun bayanan da ke tare da ita. Ganyen da ake kaɗa mana miyar tuwo da shi ayoyo muka san shi, sai wani ya zo ya goge ya sa lalo. Wa ke da gaskiya? Yaya ake rubuta irin waɗannan sunaye?

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yan'uwa. Wanda ya sa lalo bai yi kuskure ba, gogewar ce laifinsa. Ganyen ɗaya ne, Corchorus olitorius: a Kano lalo, a zangon Kumasi da Nima ta Accra ayoyo. Sunan kimiyya shi ne turke, sunayen gida duka a jikinsa ake ɗaure su. Ana rubuta shi da kalmomi biyu, ta farko da babban baƙi, ta biyu da ƙarami, dukansu a karkace. Sunan Hausa kuwa ƙananan baƙaƙe ne, sai in ya zo farkon jimla.

A Wikidata ku nemo shafin tsiron da sunansa na kimiyya, ku shiga gurbin sunan gama-gari mai lamba P1843, ku zaɓi "ha", alamar Hausa. Kowane suna da layinsa da hujjarsa. Kada ku cusa "lalo/ayoyo" a layi guda, mai nema ba zai samu ko ɗaya yadda ya kamata ba. A Wikipedia kuma suna ɗaya ne kan maƙala, wanda ya fi yaɗuwa a rubuce, sauran a ambace su a jimlar farko tare da inda ake faɗinsu, a kuma yi musu shafin da zai tura mai karatu can. Haka ake yi da darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro, wasu maina, wasu bedi, alhali duk Azadirachta indica ce.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne ɗaukar sunan abin da ake samu daga tsiro a mai da shi sunan tsiron. Bishiyar Parkia biglobosa ɗorawa ce, 'ya'yan cikinta kalwa, abin da ake sa wa miya daddawa. A kasuwannin nan "dawadawa" ake ce wa duka, har ya bi hannun masu rubutu. Haka Hibiscus sabdariffa: yakuwa ce, sobolo ko zoɓo abin sha ne. Sai kuma sunan da ke yaudara. Namijin goro Garcinia kola ne, ko dangi bai haɗa da Cola nitida da muke ci ba. Ɓaure kuma ya rufe itatuwa da yawa na dangin Ficus, don haka kada a liƙa shi ga guda ɗaya ba bayani.

Baƙaƙe masu lanƙwasa, irin ɓ da ɗ da ƙ, ma ba ado ba ne. A rubuta kaɗanya da ɗorawa da ɓaure yadda suke, a sa marar lanƙwasa cikin sauran laƙabobi saboda masu wayar da ba ta da su.

Hujja fa? "Haka kakata ke faɗa" gaskiya ce, amma Wikipedia abin da aka buga take karɓa. Ku duba littafin sunayen tsirrai na Hausa da Dalziel ya fitar a 1916, da ƙamus ɗin Bargery na 1934, da littafin Irvine na 1961 kan itatuwan Gana. Sai dai ku yi hattara, sunayen kimiyya na canzawa: kaɗanya a tsofaffin littattafai Butyrospermum parkii ce, yanzu Vitellaria paradoxa. In tsiro ya rikita ku, ku ɗauki reshe mai ganye da fure ko 'ya'ya ku kai wa masanan tsirrai a jami'ar KNUST ta Kumasi ko cibiyar binciken gandun daji da ke Fumesua, su tantance kafin ku sa suna.

Game da ayoyo, ku rubuta dalilinku a shafin tattaunawa, sannan ku mayar da shi gefen lalo.