Tambaya da Amsa: An ce in kawo dubu ɗari uku a fitar min da ofa

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Na yi digiri a fannin ilimin zamantakewa, na gama bautar ƙasa yau shekara uku ina zaune a gida, na tura CV wurare ba adadi amma ko kira ba a taɓa yi min ba. Yanzu wani abokin yayana ya ce akwai gurbi a wata ƙungiyar agaji da ke aiki a Maiduguri, wai in kawo dubu ɗari uku a fitar min da ofa, wato takardar ɗaukar aiki, har mahaifiyata ta ce za ta sayar da tumakinta. Dan Allah in bayar ko kar in bayar? Daga wani matashi a Gombe.

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanina. Kar ka bayar, kuma ka roƙi Mama ta bar tumakinta inda suke. Ni a ƙungiya mai zaman kanta nake aiki, ɓangaren horar da matasa da nema musu abin yi, na san yadda ake ɗaukar ma'aikata a irin waɗannan wuraren, kuɗin da muke aiki da shi na masu ba da tallafi ne kuma duk shekara sai masu binciken kuɗi sun zo sun duba har fayil ɗin ɗaukar ma'aikata, wa ya nema, wa aka kira jarrabawa, su wa suka zauna a intabiyu, maki nawa kowa ya ci. Ba na ce ba a son kai ba, ana yi, amma ofa ta gaskiya ba mutum ɗaya ke fitar da ita daga aljihunsa ba. Hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ma a jikin tallar aikin suke rubutawa cewa ba sa karɓar ko sisi a kowane mataki. Ka ce da abokin yayan naka ya nuna maka tallar gurbin a shafin ƙungiyar ko a ReliefWeb, shafin intanet da ƙungiyoyin agaji ke tallata guraben aiki, ka duba imel ɗin da za a tura takardu, in ka ga na Gmail ne ba mai ɗauke da sunan ƙungiyar ba to ka ja da baya.

Sannan ka san halin da ake ciki, daga farkon 2025 da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje har ta kai ga rufe USAID, hukumarta ta ba da tallafi, ƙungiyoyi da yawa a Borno da Yobe da Adamawa sun rage ma'aikata, mutanen da suka yi shekaru a aikin suna gida suna nema kamar kai. A irin wannan lokacin ne wani zai ce yana da gurbin sayarwa?

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne shekara ukun nan. Mai tace CV ba ya daɗewa a kan takarda ɗaya, abin da idonsa ke nema shi ne me ka taɓa yi da hannunka, kuma galibin waɗanda ke zuwa teburina digiri ne da bautar ƙasa sai jerin kalmomi wai mai ƙwazo ne mai gaskiya, kowa haka yake rubutawa. Ka je ofishin Red Cross na jiharku ka yi rajistar aikin sa kai, ka shiga aikin rigakafi in an tashi, ka nemi ƙananan ƙungiyoyin cikin gari masu ɗaukar masu tattara bayanai na kwana goma ko sati biyu, alawus ɗin ba yawa amma daga nan ake sanin mutum, daga nan kuma za ka samu wanda zai tsaya maka shaida in an kira shi a waya. Ka koyi KoboToolbox, manhajar da ake cike bayanai da ita a waya, kyauta ce, ka koyi Excel sosai ba buɗewa da rufewa ba, ka koyi rubuta rahoto shafi ɗaya da Turanci mai tsabta. In kana jin Fulatanci ko Barbarci ka rubuta shi a CV, yaranmu suna raina wannan alhali a aikin karkara yana iya sa a ɗauke ka a bar mai digiri na biyu. Jobberman, shafin neman aiki a intanet, na ba da horo kyauta tare da Gidauniyar Mastercard kan yadda ake mu'amala a wurin aiki, akwai kuma 3MTT da gwamnatin tarayya ta fara a 2023 don koyar da fasahar zamani. Kuma kar ka riƙa tura CV iri ɗaya ko'ina, kowane gurbi ka karanta abin da suka ce suna so ka gyara taka ta amsa shi. In har dole sai an kashe kuɗi a kanka, kwamfuta ta hannu ko da ta gwanjo ce da data sun fi maka amfani.

Tambaya: Anti ina wuni. Ni sakandare na gama aka yi min aure, na iya ɗinki amma keke ɗaya gare ni, kullum ina jin ana raba tallafi ban san ta inda ake bi ba. Daga wata baiwar Allah a Katsina.

Amsa: Lafiya lau ƙanwata, Allah ya sa albarka a sana'ar. Ki fara da ofishin NDE, hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, suna da ofis a kowace jiha, ki je da kanki ko ki tura maigida ya tambayo lokacin da suke ɗaukar masu koyon sana'a, haka ma SMEDAN masu kula da ƙananan sana'o'i. Gidauniyar Tony Elumelu tun 2015 take ba da horo da jarin dala 5,000, ana buɗe cike fom ranar 1 ga Janairu kuma kyauta ne, sai dai masu nema daga duk Afirka suke saboda haka kar ki ɗora rai a kansa kaɗai.

Kafin duk wannan ki sayi littafi ki riƙa rubuta ɗinki nawa kika karɓa, nawa kika kashe a zare da shafi, nawa ya rage, ki riƙa ɗaukar hoton kayan da kika ɗinka. Mu in mun zo zaɓen waɗanda za a ƙara wa jari wannan littafin muke fara tambaya, domin mun sha ganin an raba kekuna a taro bayan sati biyu suna kasuwa. In kuna da ƙungiyar mata masu ɗinki a unguwa ki shiga, an fi saurin ba ƙungiya fiye da mutum ɗaya. Duk wanda ya kira ki a waya ya ce kin ci tallafi ki karanto masa lambar da banki ya turo miki ko lambar katinki, ki kashe wayar ki je reshen bankinki ki faɗa musu.