Amsa: me ya sa gumakan Buda na Gandara suka yi kama da na Girkawa?

Malam, tambayarka ta yi ma'ana. Gandara yankin Peshawar ne da kewaye, a Pakistan da gabashin Afganistan na yau. Iskandar na Makidoniya ya iso can wajen shekara ta 327 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Girkawa kuma suka yi mulki a yankin bayansa, salon masu sassaƙarsu ya zauna a can.

Dubi kawunan gumakan Buda, wanda ya kafa addinin Buda, da aka tono a Hadda, kusa da Jalalabad a Afganistan. Da kwaɓin farar ƙasa da yashi aka yi su, sannan a shafa launi. Gashin mai lanƙwasa da ninkin mayafin duk salon Girka ne. Dogayen kunnuwan da tudun da ke tsakar kai kuwa, daga Indiya suka fito. Ni dai fuskokin sun fi burge ni, don kwaɓin ya fi dutse sauƙin sarrafawa.