Amsa: Shin Walt Disney ne ya fara dogon fim ɗin zane mai motsi?

Malam, ka tambaya ko Walt Disney ne ya fara dogon fim ɗin zane a 1937. Ba shi ba ne, domin wata Bajamushiya, Lotte Reiniger, wadda aka haifa a Barlin a 1899, ta riga shi da shekara 11, kuma fim ɗinta na Yarima Ahmad, na 1926, shi ne mafi daɗewa cikin dogayen finafinan zane da suka wanzu har yau. Daga tatsuniyoyin Dare Dubu da Ɗaya ta ɗauko labarin.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ta yi aikin. Da almakashi take yanka surar mutane da dawakai a baƙin kwali, ta haɗa gaɓoɓinsu da siririyar waya, ta shimfiɗa su a kan gilashin da aka haska daga ƙasa, sannan ta gusar da hannu ko ƙafa kaɗan, mijinta Carl Koch ya ɗauki hoto guda, a sake. Shekara 3 suka yi suna wannan wahala.

Daga baya ta koma Landan da zama, ta rasu a Jamus a 1981.