Tambayoyin Masu Karatu: Cutar Ganyen Inabi da Lokacin Feshi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da 'yar gonar inabi a yankin Hunƙuyi, Ƙaramar Hukumar Kudan a Jihar Kaduna, kuma shekarata uku ke nan da dasa ta. A daminar bana ganyen ya yi ɗigo-ɗigo ruwan ɗorawa, daga baya ya bushe ya zube, alhali na fesa maganin ƙwari har sau huɗu. Wani maƙwabcina ya ce in nemi farar wuta, wani kuma ya ce in ƙara taki. Wanne zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa wa gonar albarka. Bisa bayanin da ka yi, abin da ya kama inabinka ba ƙwaro ba ne, cuta ce daga dangin funfuna, shi ya sa feshi huɗu na maganin ƙwari bai hana ganyen zuba ba. Funfunar da ta fi addabar inabi iri biyu ce, manoma da yawa suna ɗaukarsu abu ɗaya saboda kowacce tana barin fari-fari a ganye, amma yanayin da suke so daban, maganinsu ma daban.

Ta farko funfunar damina ce, kuma ita nake kyautata zaton ta same ka. Tana fara bayyana a saman ganye da tabo ruwan ɗorawa mai sheƙi kamar an ɗiga mai, idan kuma ka juya ganyen da sassafe sai ka tarar da wani farin abu mai laushi kamar auduga daidai ƙarƙashin tabon. Ba ta iya shiga ganye sai ya jiƙe, don haka ruwan sama na Yuli da Agusta, da raɓar da ke kwana a kan ganye, su ne abincinta. Idan kana shakka, tsinko ganye mai tabon ka sa shi a leda da ɗan danshi, ka ɗaure, ka ajiye a ɗaki mai duhu ya kwana. In ita ce, da safe za ka ga farin ya fito a bayan ganyen. Ta biyu ita ce funfunar toka, wadda ke baɗe saman ganye da 'ya'yan kamar an watsa musu toka, ta hana fatar 'ya'yan girma har su tsage. Ita ba ta bukatar ruwan sama ko kaɗan, inuwa take so da ɗumi mai matsakaicin ƙarfi, kimanin digiri 20 zuwa 27, saboda haka a rani take kama rumfar da ganye ya cunkushe a cikinta, daidai lokacin da manomi ya saki jiki yana ganin damina ta wuce.

Shawarar maƙwabcinka ta farar wuta daidai ce, amma ga funfunar toka. Tun da wannan cuta ta ɓulla a Ingila a 1845, ta kuma bazu zuwa gonakin Faransa, farar wuta aka gano tana tare ta, har yau kuma ita ake amfani da ita. Sai dai a ƙasarmu mai zafi a yi hattara, domin idan zafi ya haura digiri 30 tana ƙona ganye da 'ya'ya, don haka da yamma lis ko da sanyin safiya ake fesa ta, kuma ba a haɗa ta da wani magani mai maiƙo, ko a bi shi da ita kafin mako biyu. Funfunar damina kuwa maganin da ke ɗauke da jan ƙarfe take tsoro. Ta shiga Faransa daga Amurka a 1878, sai wani malamin ilimin tsirrai mai suna Millardet ya lura a 1882 cewa inabin bakin hanya da ake yayyafa wa haɗin jan ƙarfe mai launin shuɗi don hana masu wucewa tsinka, ganyensa bai zube ba kamar na cikin gona. Daga nan aka samo haɗin Bordeaux, wanda ya bayyana wa duniya a 1885. A shagunan kayan gona za ka sami garin maganin jan ƙarfe haɗaɗɗe, da kuma mancozeb wanda masu noman tumatir suka sani.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne cewa waɗannan magunguna rigakafi ne, suna rufe lafiyayyen ganye ne don kada cutar ta shiga, ba sa raya ganyen da ya riga ya kamu. Wanda ya jira sai ya ga tabo sannan ya ɗauko tankin feshi, ya makara da kusan mako guda, domin cutar tana yin kwanaki a cikin ganye kafin ta nuna kanta. A damina ka fara tun toho yana ƙarami, ka maimaita duk bayan kwana 7 zuwa 10, ka sake idan ruwa mai ƙarfi ya wanke, sannan ka karkata bakin feshin sama ya sami bayan ganye, domin ta ƙofofin numfashi da ke nan cutar take shiga. Akwai masu ratsa jikin ganye, irin su metalaxyl, amma idan aka nace musu cutar tana sabawa da su, don haka a riƙa sauyawa. Karanta takardar kowane magani ka ga kwanakin da ya kamata a bari kafin girbi. A Amurka, misali, ba a yarda a fesa mancozeb ga inabi ba idan saura ƙasa da kwana 66 a tsinke shi. Inabi ɗanye ake ci, yara ma suna cinsa, wannan batu amana ce a wuyan manomi.

Batun ƙara taki kuwa, ban goyi baya ba a wannan hali. Yawan yuriya yana fito da ganye mai taushi da yawa, rumfa ta toshe, iska ta daina ratsawa, raɓa ta daɗe ba ta bushe ba. Rabin kariyar inabi a hannun mai almakashi take: a rage rassan da suka hau juna, a cire ganyen da ya lulluɓe nonon inabin, a share ciyawar ƙarƙashi, a kwashe ganyen da ya zube a ƙone shi nesa da gona, a kuma yi ban ruwa a gindi ba ta sama ba. Haka nan ka tsara askin fitar da 'ya'ya ya faɗo ƙarshen damina, yadda manoman Nashik a Indiya suke yin nasu a watan Oktoba, domin fure da ƙananan 'ya'ya, waɗanda su ne suka fi rauni daga buɗewar fure zuwa mako uku ko huɗu, su taso cikin busasshiyar iska. Tunda Samaru ba ta yi maka nisa ba, ka ɗauki ganye biyu ko uku ka kai wa malaman Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello su tabbatar maka kafin ka sayi komai.

Tambaya: Inabi ɗaya gare ni a tsakar gida a Zariya. Wasu fararen ƙwari kamar auduga sun manne a gaɓoɓinsa, tururuwa na hawa da sauka, tsuntsaye kuma suna riga mu ga 'ya'yan. Ba na son feshi saboda yara.

Amsa: Hajiya, kin yi tunani mai kyau, kuma itace ɗaya ba ya bukatar guba. Waɗannan ƙwari ruwan jikin itacen suke tsotsa, suna fitar da wani ruwa mai zaƙi, shi tururuwa take bi, ita kuma tana kare su daga ƙwarin da ke cinye su. Ki fara da tare hanyar tururuwar: ki naɗa leda a gindin itacen da sandunan rumfar, ki shafa mata man giris. Sannan ki ɓare busasshen ɓawon da suke ɓuya a ƙarƙashinsa, ki wanke wurin da ruwan sabulu marar ƙarfi ko ruwan dakakkun 'ya'yan darbejiya, da yamma, sau ɗaya a mako har su ƙare. Tsuntsaye da rina kuwa, da zarar 'ya'yan sun fara taushi ki sa kowane nono a cikin 'yar jakar da aka ɗinka da tsohon gidan sauro wankakke, ki ɗaure bakinta a kara. Kada ki yi amfani da leda a nan, domin tana tara gumi 'ya'yan su ruɓe.