Yaya jiragen ƙasa biyu na kaya suke yin taho-mu-gama a layi ɗaya?

Tambaya: Na ga labarin jiragen ƙasa biyu na dakon kaya da suka yi karo gaba da gaba, aka ce kuskuren direba ne. Abin ya ɗaure mini kai. Ashe direba ba ya hango ɗan'uwansa daga nesa ya taka birki? Kuma in mutum ɗaya ya yi kuskure, shi ke nan babu abin da zai tare?

Amsa: Malam, bari mu fara da birkin, domin a nan mutane da yawa suke ruɗewa. Jirgin kaya mai taragu ɗari yana iya kai nauyin tan dubu goma, kuma ƙafarsa ƙarfe ce a kan ƙarfe, ba ta kama hanya yadda tayar roba take kama kwalta. In yana gudun kilomita 90 a awa, ko an ja birkin gaggawa sai ya ci kilomita ɗaya da rabi ko fiye kafin ya tsaya. Ga shi ba shi da sitiyarin kaucewa. Saboda haka a lokacin da direbobin biyu suka ga fitilar juna, yawanci aikin gama ya gama, abin da ya rage shi ne a ja birki a nemi hanyar dirowa.

Tsaron jirgin ƙasa bai dogara da hangen direba ba. Ya dogara da izini. A wurare da yawa layi ɗaya tak jirage masu zuwa da masu komawa suke bi, sai a yi gajeren layi a gefe inda ɗaya zai raɓe ɗayan ya wuce. An yanka layin kashi-kashi, kuma ƙa'idar ita ce kada jirage biyu su kasance a kashi ɗaya a lokaci guda. Mai ba da hanya, daga ofishinsa, shi ke tsara wa zai jira wa. Sigina kuma tana isar da umarnin: fitila ruwan ɗorawa na nufin rage gudu domin akwai ja a gaba, ja kuma na nufin tsaya. Kusan duk taho-mu-gama ɗayan biyu ne: ko jirgi ya wuce jar fitila, ko an ba shi hanyar da ba tasa ba.

To, me ke sa ƙwararren direba ya wuce jar fitila alhali ransa ne a gaba? Wannan ita ce tambayar da na fi so ka riƙe, domin cewa "kuskuren direba ne" ba ya ƙare bincike, nan ne ma yake farawa.

Ɗauki abin da ya faru a Hoxie, jihar Arkansas ta Amurka, a watan Agustan 2014. Jiragen kaya biyu suka haɗu da tsakar dare, mutum biyu suka rasu. Hukumar binciken haɗurra ta ƙasar ta gano cewa barci ne ya kwashe direba da kwandastan jirgin da ya wuce siginar. Direban yana da ciwon ɗaukewar numfashi a cikin barci, wanda ke hana mutum samun hutu ko ya kwana a gado, kwandastan kuma lokutan aikinsa ba su da tsari. Akwai na'ura a kan jirgin da aka sa domin irin wannan rana: in direba ya ɗan jima bai taɓa komai ba sai ta yi ƙara, in bai amsa ba ta ja birki da kanta. Me ya hana ta aiki? Wata na'urar mai busa ƙaho da kanta tana ta busawa, ita kuwa na'urar farko mai gadin direba tana ɗauka hannun direba ne. Barcin na mutum ne, amma wanda ya haɗa na'urorin nan biyu bai kasance a jirgin ba.

A Goodwell, jihar Oklahoma, a 2012, mutum uku suka rasu. Can kuma idon direban ne ya yi rauni har ba ya bambance launin sigina sosai, kuma gwajin lafiyar da ake yi masa bai sauke shi daga aiki ba. A Hinton ta Kanada a 1986, inda jirgin kaya ya afka wa na fasinja mutum 23 suka mutu, bincike ya nuna ma'aikata sun saba danne fedar da ke tabbatar da direba a farke yake da wani abu maimakon ƙafarsu, kuma abin ba ɓoyayye ba ne. Ni a ganina, duk inda karya ƙa'ida ta zama al'ada, laifin ya tashi daga kan mutum ɗaya ya koma kan masu kula da aikin.

Game da kashi na biyu na tambayarka, akwai matakan tarewa. Mafi tsufa shi ne na alama: guntun ƙarfe guda ɗaya ne ga kowane kashi na layi, wanda ba ya riƙe da shi ba ya shiga. Dabara ce mai kyau, amma a Abermule ta Birtaniya a 1921 an miƙa wa direba alamar wani kashi daban, bai duba ba, mutum 17 suka mutu. Akwai kuma dokokin baki: maimaita umarnin rediyo kalma bayan kalma, da furta launin kowace sigina da ƙarfi abokin aiki ya amsa. Direbobin Japan har nuna siginar suke yi da yatsa. A Amurka doka ta hana ma'aikacin jirgin kaya wuce awa 12 a bakin aiki, ta kuma wajabta masa hutun awa 10, sai dai wanda bai san ƙarfe nawa za a kira shi gobe ba, barcinsa ba ya daidaituwa ko da an cika awowin.

Matakin da ya fi ƙarfi shi ne wanda ba ya jiran mutum ya lura. Bayan karon Chatsworth a Kalifoniya a 2008, inda direban jirgin fasinja yana aika saƙon waya ya wuce jar fitila ya haɗu da jirgin kaya, mutum 25 suka mutu, majalisar Amurka ta wajabta tsarin da ake kira PTC. Kwamfutar jirgi tana sanin inda yake, da gudunsa, da inda izininsa ya ƙare. In direba bai rage gudu a kan lokaci ba sai ta tsayar da jirgin. An sa wa'adin 2015, aka yi ta ɗagawa, ba a kammala shi a layukan da doka ta wajabta ba sai ƙarshen 2020. A tsakanin nan ne, a Yunin 2016, jiragen kaya biyu suka yi karo kusa da Panhandle a Texas, mutum uku suka rasu, a layin da tsarin bai fara aiki ba tukuna. Har yanzu kuma bai mamaye dukkan layukan ƙasar ba. Akwai inda babu sigina sam, izinin da aka karanto ta rediyo ne kaɗai ke raba jirgi da jirgi.