Hukuncin riƙe hannun jarin bankin Mediobanca

Tambaya: Malam, ina aikin masana'anta a arewacin Italiya. Wani abokin aikina ya ba ni shawarar in sayi hannun jarin Mediobanca da ɗan abin da na tara, ya ce bankin zuba jari ne, kamar mudaraba (wato wani ya kawo jari, wani ya juya shi, su raba riba), ba ruwansa da bashin ruwa. Na saya, har an biya ni riba sau biyu. Yanzu zuciyata ta ƙi kwanciya. Mene ne hukunci?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Allah Ya saka maka da alheri, ɗan'uwa, da ka tsaya ka tambaya.

Malaman fiƙihu suna cewa hukunta abu reshe ne na fahimtarsa, don haka mu fara sanin bankin. An kafa Mediobanca a Milan a 1946, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, domin samar wa masana'antun Italiya kuɗin farfaɗowa. Raffaele Mattioli da Enrico Cuccia ne suka assasa shi, manyan bankuna uku kuma suka zuba jarin farko: Banca Commerciale Italiana da Credito Italiano da Banco di Roma. Ya shiga kasuwar hannun jari a 1956. Cuccia ya riƙe ragamarsa shekaru masu yawa har ya rasu a 2000, kuma shi ake jingina wa maganar nan cewa hannun jari auna shi ake yi, ba ƙirgawa ba. To, mu ma aunawar za mu yi.

Abokinka ya faɗi rabin gaskiya. Bankin yana ba kamfanoni shawara idan za su haɗe ko za su sayi juna, ya karɓi lada. Wannan dillanci ne, asalinsa halal. Amma tun ranar farko sana'arsa ita ce ba da bashi da ƙarin da aka sharɗanta. Yana da reshe mai suna Compass, wanda ke ba talakawa bashin sayen mota da kayan ɗaki, ana biya wata-wata da ruwa. Wataƙila ka taɓa wuce ofishinsu a unguwarku. Yana tallata takardun lamuni masu ruwa, ga kuma kusan kashi 13 cikin ɗari da ya daɗe yana riƙe da su a kamfanin inshora na Generali. A mudaraba mai dukiya yakan ɗauki asara idan ta zo. Nan kuwa ko mai cin bashi ya ci riba ko ya karye, sai ya biya uwar kuɗi da ƙari. Sunan "zuba jari" bai sauya komai ba.

Allah Ya ce Ya halatta ciniki Ya haramta riba (Baƙara, 275). Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa Annabi (SAW) ya la'anci mai cin riba da mai ciyar da ita da marubucinta da shaidunta biyu, ya ce duk ɗaya suke. Mai hannun jari kuwa ya wuce marubuci, domin abokin tarayya ne a mallakar bankin, ko da rabonsa bai kai cikin cokali ba. Kada a kawo maka maganar tsarkake ribar ta hanyar fitar da ɗan kaso a bayar: wannan rangwame ne da wasu malamai suka yi wa kamfanin da asalin sana'arsa halal ce, kuɗin ruwa ya ɗan gifta masa.

Saboda haka riƙe shi bai halatta ba. Ka sayar ba tare da jiran farashi ya tashi ba, ka ɗauki uwar kuɗinka kamar yadda aya ta 279 ta Baƙara ta nuna. Ribar nan biyu da duk abin da ya hau kan uwar kuɗin, ka ba mabuƙata ko aikin amfanin jama'a, da niyyar rabuwa da su. Babu laifi a kanka game da abin da ka yi cikin rashin sani.

Idan kuma an musanya maka hannun jarin da na Monte dei Paschi di Siena, wanda ya sayi mafi rinjayen Mediobanca a 2025, hukuncin bai canza ba, domin shi ma bankin bashi da ruwa ne.

Wallahu a'alam.