Amsar tambayar Malam Sani kan hoton ɗan wasan nan

Assalamu alaikum 'yan uwa. Malam Sani, na ga hoton da ka turo na gajeren mutumin nan riƙe da sandar wasan besbol, kana tambaya ko haɗi ne na kwamfuta. Ba haɗi ba ne, wallahi ya faru. Amma na san abin da ke ranka, so kake ka ji ko da gaske ya buga wasa ko dai an kawo shi ne a yi dariya. To saurara.

Sunansa Eddie Gaedel, tsayinsa ƙafa 3 da inci 7. Ranar 19 ga Agusta, 1951, a birnin St. Louis na Amurka, ƙungiyar Browns tana karawa da Detroit Tigers. Mai ƙungiyar Browns, Bill Veeck, shi ya ɗauke shi, don ƙungiyar tasa tana can ƙasan tebur, 'yan kallo sun guje ta. Lambar da ke bayan rigarsa 1/8 ce.

To ga inda dabarar take. A wasan nan dole mai jifa ya ratsa ƙwallo tsakanin gwiwa da ƙirjin mai bugu. In ya kuskure sau huɗu, mai bugu ya wuce tasha ta farko (ta farkon wuraren da ake zagayawa kafin a ci maki) kyauta. Mutum mai wannan tsayin, ya kuma ranƙwafa, ina wurin da za ka jefa? Alƙalin wasa ya tsayar da shi, sai kocin Browns, Zack Taylor, ya zaro takardar kwantiragi, sa hannu da komai. Ba yadda ya iya. Mai jifan Tigers, Bob Cain, ya jefa huɗu, duka suka wuce ta sama. Gaedel ya taka zuwa tasha, aka sa wani ɗan wasan Browns, Jim Delsing, ya karɓe shi. Browns ɗin ma an cinye su 6 da 2, amma bar wannan.

Abin da ke ci min rai shi ne, nan da nan shugaban gasar, Will Harridge, ya soke kwantiragin, wai an mai da wasa abin wasa. Wace doka ya karya? Babu ko ɗaya! Babu inda aka rubuta iyakar tsayi. Aikin da aka sa shi ya yi, ya kuma yi shi daidai.

Kuma mu ma haka muke. Akwai yaro a unguwarmu, in yana da ƙwallo a ƙafa ba ka ƙwace ta, muka kai shi gwaji, kocin ko fili bai bari ya shiga ba, ya kalle shi sama da ƙasa ya ce ya je ya ƙara girma. Har yau abin na raina. Yaron ya bar ƙwallo gaba ɗaya, yanzu... kai, bari dai in bar maganar nan.

Shi Veeck ɗin ma ban wanke shi ba, don daga cikin kek ya sa aka fito da bawan Allahn nan kafin wasan, dala 100 aka ba shi. Gaedel ya rasu a Chicago a 1961 yana da shekara 36, bayan wasu sun yi masa dūka a hanya, kuma cikin duk mutanen besbol Bob Cain kaɗai ya je jana'izarsa. Saboda haka Malam Sani, don Allah masu tura alamar dariya a ƙarƙashin hoton nan su daina.